Takalmin Sallah da Ƙurar Akurki

Duk wanda ya taɓa cin damina a Kwatano ya san abin da watan Yuni ke yi wa fata. Ka sayi takalmi na kirki, aikin dukawan Kano ko na Damagaram, ka sa shi ranar idi, ka dawo ka tura shi ƙarƙashin gado. Bayan mako biyu ka jawo shi, sai ka tarar ya yi furfura. Wani farin gashi-gashi ya lulluɓe shi, wani gefen kore-kore, ga wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Mutumin da ya taso daga Tawa ko Maraɗi, inda fata ke bushewa har ta tsage, yakan sha mamaki a shekararsa ta farko. A Zongo da Tokpa-Hoho, tsakanin teku da tafkin Nokuwe, iskar ma jiƙaƙƙiya ce. Funfuna na kama jaka da ɗamara da gafakar Alƙur'ani, ba ta tambayar kuɗin da aka saye su.

Abin kallo shi ne yadda ake gyara takalmin. In ka miƙa wa yaro, zai kama ƙafa biyun ya gwara su a tsakar ɗaki, ko ya hura da baki. Farin gari ya tashi, ya yi atishawa, ya ce ya gama. Mai gyaran takalmin da ya daɗe a sana'a ba ya yin haka. Zai jiƙa tsumma ya shafe a hankali, ya wanke tsumman, ya shanya takalmin a rana, sannan ya faɗa maka gaskiya: “Alhaji, in kun mayar da shi inda kuka ɗauko, zai sake yi.”

Wanda ya fahimci wannan ya kama hanyar fahimtar wata cuta da likitoci ke kira histoplasmosis, wadda zan riƙa ce wa ciwon funfunar huhu. Abin da ke kawo ta funfuna ce ta gaske, dangin wadda ke kan takalmi, sunanta Histoplasma. Abincinta ne ya bambanta. Ita tana son ƙasar da kashin tsuntsaye ko na jemage ya daɗe yana zuba a kai, ya ruɓe, ya gauraye da turɓaya. Sauran buƙatunta kuwa irin na 'yar'uwarta ne: laima, inuwa, ɗumi mai matsakaicin ƙarfi, da wurin da ba a taɓawa. Yanayin da aka ga ta fi bunƙasa shi ne zafin da ke tsakanin digiri 22 zuwa 29 tare da iska mai nauyin laima, kuma wannan kusan bayanin Kwatano ne a yawancin watannin shekara.

Babu wanda ya taɓa ganin takalmi ya yi funfuna ranar da aka sa shi. Sai an ajiye, an manta. Haka abin yake a nan. Kashin da kaza ta yi da safe, aka share kafin azahar, ba shi ne abin tsoro ba. Wanda ya shekara yana taruwa, sabo a kan tsoho, har ƙasan akurki ta yi baƙi ta yi laushi, a nan funfunar ke shimfiɗa zarenta. Kuma kamar yadda ba baduku ne ya ɗinka funfuna a cikin takalmi ba, ita ma kaza ba ita ke ɗauke da cutar ba. Zafin jikin tsuntsu ya haura digiri 40, funfunar ba ta iya zama a cikinsa. Tsuntsu taki kawai yake ba ta. Saboda haka cin naman kaza ko ƙwai ko tattabara ba ya kawo wannan ciwo, kuma mai ciwon ba ya shafa wa matarsa ko 'ya'yansa ta tari ko ta kwanon abinci. Jemage ne ya fita daban. Shi mai shayarwa ne kamar mu, funfunar na shiga hanjinsa ta zauna, ya kai ta sabon wuri a cikin kashinsa. Kashin jemage kuma, in ya taru, yana iya riƙe ta ko babu ƙasa a ƙarƙashinsa.

To, a duba unguwa da wannan idon. Bahaushe ba ya rabuwa da kiwo ko a tsakiyar birni yake. A bayan gida akwai akurki, a saman bene akwai ɗakin tattabarun samari, a lungu akwai kejin zabi da ake jira baƙo ya zo a yanka. A kasuwar Dantokpa masu kaji na wuni a tsakanin kejuna, su kuma share ƙarƙashinsu idan kasuwa ta tashi. Tsofaffin gidaje masu rufin kwano da silin, da ɗakunan ajiyar kayan da ke jiran mota zuwa arewa, da saman wasu masallatai da makarantu, duk wuraren kwanan ƙananan jemagu ne. Mai gida yakan san da su ne ta hanyar tsuwwa da magariba, da wani zarni da ke saukowa idan rana ta yi zafi, da ɗan baƙin tsaki-tsaki da ke zubowa ta tsagar silin. Sannan ga kashin kaji da ake durawa a buhu a kai wa masu lambu na Houéyiho, kusa da filin jirgin sama, da na Sèmè-Kpodji a hanyar iyakar Najeriya. Ba kowane akurki ke da wannan funfuna ba, kamar yadda takalmi biyu kan kwana ɗaki ɗaya, ɗaya ya kama ɗaya ya tsira. Matsalar ita ce ta takalmi ana ganinta, ana jin warinta. Wannan kuwa ido ba ya raba ƙasar da take ciki da wadda ba ta ciki.

Masu tattabaru su ƙara da sanin cewa tsohon kashin tattabara ya fi shahara da wata funfunar daban, Cryptococcus, wadda ita ma ta huhu take shiga, amma ta fi son hawa kai ta kawo sanƙarau ga masu ƙanjamau. Hanyar kauce musu ɗaya ce, don haka ba sai an raba musu zance ba.

Farin garin nan da ya sa yaro atishawa shi ne irin funfuna. Na Histoplasma ƙanana ne ƙwarai, faɗinsu maikuron 2 zuwa 5, alhali silin gashin kai ɗaya ya kai maikuron 70. Ƙura mai kauri tana maƙalewa a hanci da maƙogwaro, a fyace ta ko a kakaro ta. Wannan kuwa tana wucewa har can ƙarshen huhu, inda iska ke haɗuwa da jini. Muddin tarin kashin na kwance a jiƙe, irin na kwance tare da shi. Tsintsiya da shebur da guduma su ke tashinsa.

Labarin da ya fi nuna haka ya faru a Amurka a 1970, a wata makarantar yara da ke garin Delaware na jihar Ohio. An ware rana don tsabtace muhalli, ɗalibai suka fito da manjagara da tsintsiya suka share farfajiyar makaranta, wadda a da tsuntsaye ke kwana a bishiyoyinta. Aikin lada suka yi. Bayan kwanaki mutum 384, ɗalibai da malamai, suka kwanta. Har waɗanda ba su taɓa tsintsiya ba sun kamu, don na'urar shigar da iska ta zuƙi ƙurar ta rarraba ta cikin azuzuwa. A 2015 kuma, a Jamhuriyar Dominika, aka sa leburori 36 su kwashe kashin jemage daga ramukan wata madatsar ruwa ba tare da kariyar kirki ba. Mutum 30 suka kamu, 3 suka rasu. Waɗannan ƙarti ne masu lafiya. Yawan ƙurar da suka shaƙa a rufaffen wuri shi ya kayar da su.

Idan irin ya isa huhu, sai funfunar ta yi abin da ta takalmi ba ta iyawa. A ƙasa zare ce. Da ta ji zafin jikin mutum, digiri 37, sai ta sauya kama ta koma 'yan ƙwayoyi irin na yis. Akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki a huhu da aikinsu shi ne su haɗiye duk baƙon abu su narkar da shi. Suna haɗiye ta, amma ba ta narkewa. A cikinsu take zama ta hayayyafa, su kuma su yi ta yawo da ita zuwa kaluluwar ƙirji da hanta da saifa da ɓargo. Cikin mako biyu zuwa uku jikin mai lafiya kan gane abin da ke faruwa, ya killace ta. Shi ya sa mafi yawan waɗanda suka shaƙa ba sa ma sanin an yi. Wasu kuma, kwana 3 zuwa 17 bayan aikin, su ji zazzaɓi, busasshen tari, ciwon ƙirji, ciwon kai da kasala. A Zongo sunan wannan zazzaɓin cizon sauro, ko taifot, ko “sanyi ya shige ni”. A sha magani, a warke, maganin ya karɓi yabon da ba nasa ba. A kwarin kogunan Ohio da Misisifi, inda aka fi nazarin abin, an gano kashi 60 zuwa 90 cikin ɗari na manya sun taɓa haɗuwa da funfunar, galibinsu ba su da labari.

Sai dai a tuna maganar mai gyaran takalmi. Tsumma yana share abin da ke sama, zaren kuwa ya riga ya shige cikin fatar. Takalmin zai yi ƙyalli duk tsawon hunturu, damina na dawowa ya sake fitar da furfura. Jiki ma killacewa yake yi, ba lalle ya kashe ta duka ba. Tana iya kwanciya shekaru. An sha ganin mutanen da suka bar ƙasarsu suka zauna Turai shekara da shekaru, sannan ciwon ya tashi musu a can, inda babu shi a ƙasa. Daminar jiki ita ce raunin garkuwa. Babban mai kawo shi a yankinmu ƙanjamau ce da ba a sha mata magani, musamman idan ƙwayoyin garkuwa na CD4 suka faɗi ƙasa da 150. Sai masu shan maganin daji, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da jarirai, da tsofaffi tukuf.

Akwai kuma wani rukuni da ba a cika kawo shi cikin lissafi ba, ni kuwa shi ya fi tsaya mini a rai: masu shan dexamethasone da prednisolone ba da umarnin likita ba. Budurwa na son ta yi ƙiba kafin biki, a ba ta “sha ka fashe”. Dattijo na fama da gwiwa, mai tallan magani ya haɗa masa ƙwayoyi kala-kala a leda, ya ji sauƙi, ya mayar da su abincin kullum. Waɗannan magunguna, idan aka daɗe a kansu, danne garkuwar jiki suke yi. A watan Fabrairun 2017 hukumomin Benin sun tarwatsa Adjégounlè, sashen Dantokpa da ya yi suna wajen sayar da magani ba bisa ƙa'ida ba. An kwashe kaya masu yawa, amma ba a kwashe son ƙiba da ciwon gwiwa ba, kuma inda akwai mai nema, mai sayarwa ba ya ɓata.

A jikin da garkuwa ta faɗi, ciwon ba ya tsayawa a huhu. Zazzaɓi ne na makonni, da rama, da gumin dare, da tari, hanta da saifa su kumbura, jini ya ƙare, wani lokaci gyambo a baki ko ƙuraje a fuska, wani lokaci gudawa. Idan ba a ba da maganinsa ba, kisa yake yi. Duk ma'aikacin lafiya da ya ji wannan jerin zai ce tarin fuka, kuma ba za a ga laifinsa ba, don sau da yawa shi ɗin ne.

A nan ma takalmi na da abin faɗa. Ba kowane fari a kan fata ne funfuna ba. Gumin ƙafa da ruwan gishiri na barin farin tabo mai kama da ita sak. Daga nesa ba ka raba su. Mai sana'a sai ya shinshina, ya murza da yatsa, sannan ya san abin da zai yi, don abin da ke fidda gishiri ba ya hana funfuna dawowa. Tarin fuka da ciwon funfunar huhu haka suke a gaban ido, har a hoton ƙirji. Ƙwayar tarin fuka bakteriya ce, wannan kuwa funfuna, kuma maganin ɗaya ba ya taɓa ɗaya.

Ruɗanin ya girme mu. Likitan da ya fara bayyana cutar, Samuel Darling, yana aiki ne a Panama lokacin haƙa mashigin ruwa. A ƙarshen 1905 ya buɗe gawar wani kafinta daga tsibirin Martinik da aka ɗauka tarin fuka ne ya kashe shi, ya tarar da wata ƙwaya daban. Shi ma bai gane funfuna ba ce, sai a 1934 William DeMonbreun ya shuka ta a ɗakin bincike ya tabbatar. Har zuwa shekarun 1940 ana ɗaukar tabon huhun dubban Amurkawa a matsayin tsohon tarin fuka, kafin awon fata da Amos Christie da abokin aikinsa suka yi a 1945 ya nuna da yawansu na funfuna ne. A 1949 Chester Emmons ya ciro ta daga ƙasa. Ƙasa mai kuɗi da ɗakunan bincike ta yi shekara arba'in tana wannan kuskure.

Mai tari daga Zongo yana da gata ta fuskar tarin fuka. Ya haye gada zuwa Akpakpa, ga asibitin ƙasa na cututtukan huhu da tarin fuka, wanda mutane ke kira Lazaret. Za a karɓi kakinsa a sa a na'urar GeneXpert, kuma in tarin fuka ne, maganin wata 6 kyauta ne. Wannan tsari ya ceci rayuka masu yawa, ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Tambayar tana kan mutumin da awonsa ya fito babu komai, amma yana ta ramewa. A ƙasashenmu da dama abin da aka saba shi ne a ce tarin fuka ne da ya ɓuya, a ɗora shi a kan magani a gani. Sau da yawa hakan daidai ne. Idan kuwa funfuna ce, watanni sun tafi a banza. Har da ƙari: rifampicin, ƙwayar nan da ke mayar da fitsari ja, tana sa hanta ta yi saurin narkar da itraconazole, wanda shi ne babban maganin funfunar. Ko an gano gaskiya daga baya, haɗa su biyun sai likitan da ya san abin da yake yi. Kuma mutum ɗaya na iya ɗauke da cututtukan biyu a tare.

Giyanar Faransa, a Kudancin Amurka, ta nuna abin da ke faruwa idan aka fara nema. Likitocin Cayenne sun mayar da hankali kan awon funfuna, sai ga shi ita ce kan gaba cikin cututtukan da ke kwantar da masu ƙanjamau a can. Wani lissafi da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa a yankin Latin Amurka mace-macen da take jawowa tsakanin masu ƙanjamau na iya kai na tarin fuka ko su zarce.

A Afirka, wani bita da Rita Oladele ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka wallafa a 2018 ya tattaro mutum 470 kacal da aka rubuta labarinsu a nahiyar gaba ɗaya daga 1952 zuwa 2017. A ganina wannan adadi ya fi ba da labarin ƙarancin ɗakunan awo fiye da ƙarancin cutar. Dalili kuwa, da aka fita nema an samu. Awon fata da aka yi wa mutum 735 a birane shida na Najeriya ya nuna kashi 4.4 cikin ɗari sun taɓa kamuwa, kuma birnin Benin na jihar Edo ne ya fi yawa. Wani binciken da ya fito a 2022, kan mutum 988 da ƙanjamau ta yi nisa a jikinsu a asibitocin Najeriya, ya sami alamar funfunar a fitsarin kashi 7.7 cikin ɗari. Daga Kwatano zuwa Legas tafiyar kilomita 120 ce ko kusa da haka, yashi ɗaya, laima ɗaya, damina biyu iri ɗaya. Funfuna ba ta tsayawa a Seme ta nuna takarda.

Yankinmu ma yana da nasa nau'in na musamman, wanda Raymond Vanbreuseghem ya bayyana a 1952 ya sa masa sunan duboisii, don girmama likita Albert Dubois. Ƙwayoyinsa sun fi girma, kuma ya fi son fata da ƙashi da kaluluwa a kan huhu. Yakan fito a matsayin ƙullutu ko ƙurji mai ƙin warkewa, ko kumburi a haƙarƙari ko ƙoƙon kai, har a jikin yara da samarin da garkuwarsu lafiya lau. A 1994 Harish Gugnani da abokan aikinsa na Jami'ar Najeriya suka gano shi a ƙasar kogon Ogbunike na jihar Anambara, wadda ke cakuɗe da kashin jemage, da kuma a hanjin jemagen kogon. Likitocin Lome, a ɗaya gefen Benin, su ma sun wallafa jerin nasu marasa lafiyan a 2017. Irin wannan gyambo a wurinmu yakan zaga wanzami da mai magani da mai rubutu, a ce sammu ne, a ce daji ne, kafin ya isa inda za a yanki ɗan nama a duba a madubin likita. Alhali yana jin magani.

Maganin akwai shi, kuma sananne ne. Ka'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 don masu ƙanjamau ta ce mai tsananin ciwo a yi masa ƙarin ruwa na amphotericin B na mako 2, sannan ya koma itraconazole na wata 12. Wanda nasa bai yi tsanani ba ya fara da itraconazole kai tsaye. Wata 12 na da tsawo, kuma mutum kan ji garau tun a wata na biyu, sai ya ga kamar ɓarnar kuɗi ce ya ci gaba. Ƙyallin takalmin hunturu ke nan. Wanda ya yanke magani a nan yakan dawo asibiti a kwance. Ta fuskar awo kuma, shuka ƙwayar a ɗakin bincike na iya cin mako 4 zuwa 6, lokacin da mai tsananin ciwo ba shi da shi. Awon fitsari na ba da amsa a yini guda. Hukumar ta sa shi cikin jerin awon da ya wajaba ƙasashe su tanada a 2019, a 2022 kuma ta sa Histoplasma cikin rukunin funfuna masu buƙatar kulawa ta gaggawa. Inda ake kula da masu ƙanjamau da masu tari, kamar Akpakpa da babban asibitin koyarwa na Hubert Maga, nan ne wannan awo ya fi cancantar zama a kan teburi kullum.

Wannan aikin hukuma ne. Namu na gida ya fi araha, kuma iyayenmu mata sun riga likitoci saninsa, ko da don wata manufar: ba a shara a busasshiyar ƙasa sai an yayyafa ruwa. Sai dai akurkin da ya shekara ba yayyafi yake so ba. A jiƙa shi sharkaf, a bari ruwan ya ratsa, a kwashe da shebur a dura a buhu a ɗaure, in ya fara bushewa a ƙara ruwa. Silin mai jemagu kada a hau shi da tsintsiya a tsakar rana ana gumi ana haki. A fesa ruwa tukuna, a fitar da yara da tsofaffi daga gidan, a rufe abinci, a kashe fanka. Bayan an kwashe, a jira jemagun su fita kiwo da magariba a toshe ramukan da suke shiga, don kashe su ba ya hana wasu zuwa, ga shi suna rage mana sauro da ƙwari. Rawani ko ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci, har da shuɗin takunkumin zamanin korona, ba sa tare ƙura mai wannan ƙanƙanta yadda ya kamata. Wanda ake nema a kantin magani shi ne FFP2 ko N95, kuma sai ya kama fuska ya zauna daram. Kada kuma a dogara da zuba wani sinadari. A Amurka an daɗe ana kwarara wa irin wannan ƙasa fomalin, daga baya aka bari saboda illarsa ga mutane. Mafi sauƙi duka shi ne kada a bar kashin ya shekara: akurki mai daɓen siminti da ake wankewa duk mako ba ya ba funfunar lokacin kafuwa.

Saura batun wa ake turawa. Mai gida ba ya hawa silin. Almajiri ake kira, ko yaron shago, ko ɗan ci-ranin da ya sauka jiya daga Dogonduci yana neman na abinci, a ba shi dala ɗari ko jika guda. Shi zai shaƙi ƙurar, kuma bayan kwana goma, lokacin da zazzaɓin zai tashi, wataƙila yana Parakou ko Malanville, babu mai haɗa ciwonsa da silin ɗin Alhaji. Wanda ya iya biyan ladan aiki ya iya ƙara kuɗin takunkumi da bokitin ruwa biyu. Wanda kuma ya san yana da ƙanjamau, ko yana kan magungunan da ke danne garkuwa, ya nemi uzuri ya bar wa wani wannan aiki, ko gayyar share masallaci ce kafin azumi. Ba sai ya faɗi dalili ba.

A gaban likita kuwa, al'adarmu ta amsa tambaya a taƙaice tana cutar da mu. A ce, “Baba, wace sana'a kuke yi?” ya ce, “Kasuwanci.” Bai yi ƙarya ba, amma kasuwancin kaji ne, shekara ashirin a tsakanin kejuna. Saurayi ba zai ce ya kwashe kashin jemage ba, don yana ganin abin kunya ne, ko bai ga alaƙarsa da tari ba. Likitan da ke da layin mutane a ƙofa shi ma ba lalle ya tono ba. Saboda haka mai tarin da ya wuce mako biyu ya fara zuwa awon tarin fuka, don shi ne ya fi yawa kuma shi ne ke yaɗuwa a gida. In awon ya fito babu komai, ko an sha maganin wata ɗaya zuwa biyu jiki na ci gaba da zubewa, shi ko mai jinyarsa ya buɗe baki ya faɗi aikin da aka yi dalla-dalla: akurki ne ko silin ko buhunan taki, a wane wata, a rufaffen wuri ko a fili, da kuma ko akwai wani cikin abokan aikin da shi ma ya kwanta.